Ƙwan lantarki da renon dashe a cikin ɗaki: jawabi ga masu lambu

 

Masu lambu da yawa sun tambaye mu ko gaskiya ne ana shuka a cikin ɗaki da ƙwan lantarki mai tsimin wuta, wannan mai murɗaɗɗen gilashi, kamar yadda suka gani a waya. Gaskiya ne, amma amfaninsa ya tsaya ga renon dashe. Kada kowa ya sayar da rabon abincin iyalinsa ya sayi ƙwan nan da fatan tsinkar tumatir a ɗaki.

Tsiro da haske yake haɗa abincinsa. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, yini gajere ne lokacin hunturu, shi ya sa suke neman taimakon fitila. Mu nan Allah ya hore mana rana kyauta. Ko an kusanto da ƙwan dab da ganye, hasken tsakar rana ya ninka shi kusan sau 10. Hasken ƙwai ɗaya yana iya riƙe ƙaramin tsiro, amma ba zai ishi tumatir ya yi fure da 'ya'ya ba.

Inda yake da amfani shi ne watan farko. A lokacin ne awaki da kaji suke cinye mana dashe, iska ta ƙona shi, ko ruwan sama mai ƙarfi ya kwantar da shi. In kuma muka ɓoye shi a ɗaki mai duhu, sai ya yi tsawo siriri, ya koɗe, ya faɗi.

Ga yadda ake yi. A huda gindin gwangwani ko robar ruwa da aka yanke, a cika da ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a shuka tumatir, tattasai ko attarugu. Tumatir yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, attarugu ya fi jinkiri. Da ya fito, a rataya ƙwai mai farin haske, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, santimita 5 zuwa 10 sama da ganye, wato kamar faɗin yatsu huɗu. A riƙa ɗaga shi yayin da tsiron ke girma. A kunna awa 14 zuwa 16, sannan a kashe, domin tsiro ma yana buƙatar dare. Bayan mako 4 zuwa 6, a fara fitar da shi hantsi, ana ƙara lokacin kullum har mako guda, kafin a dasa da yamma.

Sai mu yi lissafin wuta. Ƙwai mai wat 20, in ya yi awa 14 a kunne, ya sha wutar da za ta caja waya kusan 20. Ƙaramar fitilar solar gida ba za ta ɗauki wannan ba. In muka matsa mata, batir ya mutu, yara su rasa hasken karatu, mata su rasa hasken zuwa bayan gida da dare. Saboda haka wannan aiki na ƙungiya ne, a wurin da ke da babban faifan sola. A gida kuwa, rumfar zana da hasken safe ke shiga, da shingen ƙaya, sun wadatar.

Akwai kuma haɗari. A cikin gilashin ƙwan nan akwai zaiba kaɗan, kuma guba ce, musamman ga yara da masu ciki. In ya fashe, a fitar da kowa, a bar ƙofa a buɗe minti 15. Kada a share da tsintsiya. A kwashe da kwali, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba a rufe, a nisanta ta da rijiya da lambu. Wayar wuta kuma kada ta taɓa ruwan ban-ruwa, zana ko tamfol. Mai halin zaɓi ya ɗauki ƙwan LED: ya fi tsimin wuta, kuma babu zaiba a cikinsa.

Duk ƙungiyar da ke son gwadawa ta fara sanar da kwamitin lambu na unguwarta, mu duba ƙarfin solar tare kafin a sayi komai.

 Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya mayar da mu gida lafiya.