Mai Ciki da Maganin Tsinka Jini

Yau maganarmu a kan mata masu ciki ce, waɗanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini. Maigida, kai ma kasa kunne.

In mace ta sami ciki, jininta yakan yi saurin daskarewa, don kada ta zub da jini da yawa ran haihuwa. Amma wani lokaci gudan jini yakan toshe jijiyar ƙafa. In kuwa ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Shi ya sa a kan ba waɗansu mata magani.

Maganin iri biyu ne. Akwai ƙwaya, sunanta warfarin, wadda aka fara ba mutane a Amurka cikin 1954. Ita takan ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, ta ɓata masa hanci da ƙashi, tun ba daga mako na 6 zuwa na 12 ba. Akwai kuma allura, watau heparin, wadda a ke yi ƙarƙashin fata. Ita ba ta kai wa ga ɗa.

To, in kina shan warfarin, kika ga ɓatan wata, kada ki kwana. Tafi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa, likita ya duba. Kada ki bari da kanki, balle in an taɓa yi miki aikin zuciya.

In an sa ki allura, yi ta kullum a kan lokacinta. Kada ki haɗa da maganin ciwon jiki na kemis, irin su ibuprofen da diclofenac, ko jiƙo na gargajiya. Kada wanzami ya yi miki ƙaho ko tsaga. Yankan gishiri kuwa, a kul!

Da naƙuda ta taso, dakatar da allura, a kai ki asibiti, ki gaya wa ungozoma sa'ad da kika yi ta ƙarshe. Bayan haihuwa a kan ci gaba da magani har mako 6, ba ya kuwa hana shayarwa.

In kin ga haɓo wanda ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin kashi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana sarƙewa, maigida ya nemi mota nan take.

Allah ya sauke ku lafiya, amin.