Jawabi a Kan Ziyarar Hasumiyar Gobarau

Ya ku alƙalai, hakimai, malamai da 'yan'uwana ma'aikata na Gusau da Tsafe da Bunguɗu. An umurce ni in ba ku labarin abin da na gano a Birnin Katsina, ga shi kuwa ni ne ƙaraminku. In na yi kuskure, a gafarta mini.

Na bi ta Funtuwa, na sauka Katsina, gari na wayewa na nemi wanda ya raka ni Gobarau. Hasumiya ce ta ƙasa zalla, tsawonta wajen ƙafa 50, ƙasanta da faɗi, tana tsukewa hawa-hawa har bisa. Na hau matakala ina dafa bango, da na kai ƙoli sai ga birni shimfiɗe a gabana. Nan na gane dalilin da ya sa mutanen da, ban da kiran salla, suke hawanta don hangen mayaƙa tun daga nesa.

Katsinawa suna jingina gininta ga zamanin Sarki Muhammadu Korau, suna kuma haɗa ta da Shehu Magili, wanda ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. A gindinta masallacin Juma'a yake, da makaranta. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya ci sarauta a 1807, aka mai da Juma'a wani masallaci, na Gobarau ya zube, hasumiya kaɗai ta saura. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka gyara ta.

Akwai kuma hikaya. An ce malamai sun yi gardama a kan alƙibla, sai Malam Jodoma ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas, jama'a suka hangi Ka'aba da idonsu, gardama ta mutu. Ni akawun kotu ne, an hore ni in raba shaidar ido da "an ce". Amma "an ce" ɗin nan ban raina shi ba, gama yana nuna irin girman da mutanen da suke ba malami.

To, ga abin da ya hana ni barci a daren nan. Mutanen Ingila sun gina manyan majami'unsu da dutse, kamar ta Kantabari. Mu da ƙasa kakanninmu suka yi gini, ginin ƙasa kuwa yaɓe yake ci. In aka bar shi damina uku, ya fara sallama. Gobarau ta tsaya ne don an sami masu kula da ita. Mu fa? Ƙasarmu ita ce Katsinar Laka, shi ya sa ake ce da sarkinmu Sarkin Katsinan Gusau. Ga 'Yandoto nan kusa da Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi. Mu nawa ne muka taɓa zuwa muka duba kufayinta?

Roƙona guda ne. Kowane hakimi ya sa malaminsa ya zauna da tsofaffin ƙasarsa, ya rubuta labarin ganuwa da masallaci da kushewar waliyyi, ya sa tabbas gefe guda, hikaya gefe guda. Tsofaffin littattafan shari'a na zamanin En'e kuma a ɗauke su daga bakin gara. Tsoho ba ya jira, damina ma haka.

Allah ya sa mu bar wa na baya abin da za su ziyarta. Amin. Wassalam.