Ɗana Zai Bar Aiki Ya Koma Karatu

Wani manomi daga Funtuwa ya rubuto mana cewa ɗansa, bayan shekara 8 a kamfanin taki, yana son neman digirin digirgir. Tsoronsa shi ne cefanen gida.

To Malam, mai digiri na biyu ake ɗauka, kuma karatun yakan ci aƙalla shekara 3. Ya je Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami malamin da zai kula da bincikensa, ya rubuto matsalar da ya gani a wurin aiki. Amma kada ya ajiye aikin sai takardar shiga ta zo hannu. Ya fara neman hutun karatu. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Allah ya ba da sa'a.