Baƙuwar Kainuwa da Ƙwaron da ke Cinta: Darasi daga Tafkin Biktoriya



Bahaushe yakan yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, domin ba wanda ya shuka ta. Amma akwai wata mai kama da ita, mai shuɗin fure, wadda ɗan Adam ne ya yi dashenta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, sha'awar furenta ta sa aka yi ta kai ta ƙasashe. Idan ta sami ruwa mai taki, cikin mako biyu sai ta ninka kanta.

Wajen shekarar 1989 aka fara ganinta a Tafkin Biktoriya, ta biyo Kogin Kagera. Kafin 1998 ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, ta dami madatsar lantarki ta Jinja a Yuganda. Masunta suka rasa hanyar kwalekwale, sauro da katantanwar tsargiya kuwa suka sami maɓoya.

Maganin da aka kawo a 1995 ƙwaro ne ɗan ƙarami daga mahaifarta, wanda masana ke kira Neochetina. Babban yana gaigayar ganye da dare, tsutsarsa kuwa tana huda kara har gindi, ruwa ya shiga, tsiron ya ruɓe ya nutse. Masunta da mazauna gaɓa suka yi kiwonsa a tankuna, suna kai shi inda ciyawar ta yi kauri. Zuwa 2000 ta ragu ƙwarai, ko da yake wasu masana sun ce ruwan sama da iskar 1997 da 1998 sun taimaka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Irin wannan ciyawa yakan kwanta cikin laka shekaru da yawa, kuma wajen 2006 ta sake rufe gaɓar Kisumu. Ma'aikatan gwamnati ba su isa su kewaye tafkin da ƙasa uku ke raba shi ba. Watau dole a dogara ga 'yan sa kai: mutum ya ciro tsiro a wuri ɗaya kowane wata, ya ƙirga ƙwari da tabon cizonsu, ya tsaga kara ya duba tsutsa, ya rubuta. Da wannan lissafi ake sanin inda ƙwaro ya yi ƙaranci, a ƙara shi tun hanya ba ta toshe ba.

Saboda haka ma'aikacin da ya raina littafin masunci, lalle ciyawa za ta riga shi labari.