BAƘON KIFI BA RAƁA BA NE

Jawabin da wani jami'in Sashen Kula da Kamun Kifi na Tarayya ya yi wa masunta da masu kiwon kifi a Abuja



Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, watau ya kwana ne, hantsi ya yi ya tafi. To, yau ina so in yi muku magana a kan wani baƙo wanda in ya sauka ba ya tashi. Baƙon nan kuwa shi ne kifin da aka ɗauko daga wani ruwa aka saka shi cikin ruwan da ba a san shi ba.

Kowane kogi yana da nasa mutanen gida. A Kwara da Binuwai da rassansu akwai karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa da faliya da yauni da tsage da bargi. Wani yana cin gansakuka, wani ƙwari, wani kuwa ɗan'uwansa kifi, amma tun fil'azal sun san juna, babu mai ƙarar da wani. Baƙo kuwa yakan iske babu mai cinsa, babu cutar da ta saba kama shi. Sai ya hayayyafa ba iyaka, ya cinye abincin 'yan gida, ya cinye ƙwansu da 'ya'yansu, wani lokaci ma ya kawo musu cutar da ba su da ƙarfin jure mata.

Bari in ba ku misali da kifin da kowa ya sani, watau giwan ruwa. A wurinmu abin alfahari ne. Shi ake fatan kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, kuma bai taɓa ƙarar mana da kogi ba, domin ɗan gida ne. Amma a gabashin Afirka akwai Tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, inda a da babu shi. Tun daga shekarar 1954 aka fara zuba shi ciki, da niyyar a sami babban kifi na sayarwa. An yi shekara fiye da ashirin ba a ga wani abu ba. Sai a shekarun 1980 ya cika tafkin. A da akwai ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500 a tafkin nan, waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya. Masana sun ƙiyasta cewa wajen iri 200 sun ɓace. An ce giwa a garin wani zomo ce, amma wannan giwa da ta je garin wani ita ta zama sarki.

Gaskiya ne an sami kuɗi, an gina masana'antu ana fitar da namansa zuwa Turai. Amma ku dubi abin da ya sami talaka. Ƙananan kifayen nan rana kawai ake shanya su. Giwan ruwa kuwa mai kitse ne, sai an yi masa banda, saboda haka aka dinga sare itatuwan bakin tafkin. Ƙaramin masunci kuma komarsa ba ta iya riƙe shi, sai mai jarin sayen babban taru da jirgi mai inji. Har yau babu wanda ya iya fitar da kifin nan daga tafkin.

Haka tarwaɗarmu, wadda muke kiwo a bayan gida. Da aka kai ta Indiya ta kuɓuce ta shiga koguna, ta far wa kifayen ƙasar, har gwamnati ta haramta kiwonta. Ashe laifin ba na kifi ba ne, na hannun da ya ɗauke shi ne.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Mu ma an kawo mana baƙi. A 1954 aka shigo da kifin da Turawa ke kira kaf daga ƙasar Ostiriya zuwa gonar kifi ta Panyam, a Jihar Filato ta yanzu. Wannan kifi halinsa ne tonon laka, ya tumɓuke ciyawar ruwa, ya gurɓata ruwan. A Ostireliya ambaliyar 1974 ce ta baza shi cikin kogin Mare da rassansa, har ya zama a wasu wurare ya fi kowane kifi yawa. Mu Allah ya rufa mana asiri, ba mu ga ɓarna mai girman wannan ba. Amma fa yanzu masu kiwon kifi sun yawaita, masu ajiye kifin ado cikin gilashi su ma sun yawaita, kuma kun ga yadda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shafe kududdufan kiwo da yawa. Duk abin da ke cikinsu kogi ya tafi.

Ku lura da inda muke zaune. Kogin Usuma, wanda madatsarsa ke shayar da Abuja, ya bi ta Gwagwalada ya faɗa Gurara. Gurara kuwa ya faɗa Kwara kafin Lakwaja. Saboda haka kifin da ya kuɓuce daga kududdufi a gefen Usuma yana da hanya buɗe har bakin teku. Wanda ya gaji da kifin adonsa ya juye shi cikin Tafkin Jabi don tausayi, bai san iyakar abin da ya shuka ba.

Hukuma ba ta yi barci ba. Tun 1962 akwai dokar da ta ƙayyade shigo da kifi mai rai, kuma Dokar Kamun Kifi ta Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta hana shigo da shi ko fitar da shi sai da izinin Minista. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Tafkin Kainji, inda masana ke iya tantance kowane iri. Amma doka ba ta kwana a bakin kogi, ku ne kuke kwana. Don haka muke roƙonku abubuwa biyar:

1. Kada ku sayi irin kifi daga hannun wanda ba zai iya faɗa muku asalinsa ba.
2. Kada ku haƙa kududdufi a inda ambaliya ke kaiwa. Ku ɗaga bakinsa, ku sa raga mai ƙananan idanu a magudanarsa.
3. Kada ku saki kifin ado ko ragowar na kiwo cikin rafi ko tafki ko madatsa.
4. Masunci in ya kama kifin da bai sani ba, kada ya mai da shi ruwa. Ya nuna wa sarkin ruwa, a kai wa malamin kifi na ƙaramar hukuma ko na jiha.
5. Kada a zuba guba ko gamalin da sunan kashe baƙon kifi. 'Yan gida za su riga shi mutuwa, kuma doka ta hana.

Jama'a, ciyawa in ta fito a gona ana nome ta, amma kogi ba ya nomuwa. Nan ne rigakafi ya fi magani, domin maganin ma sau da yawa babu shi. Kakanninmu sun bar mana ruwa da kifinsa. Amana ce, mu miƙa wa jikokinmu kamar yadda muka karɓa.

Allah ya albarkaci ruwayenmu, ya ba mu ikon riƙon amana.