Sana'ar Hura Gilashi: Asalinta da Makomarta



Wanda ya tsinci kwalba a yau ba ya duban ta sau biyu, domin ta yi arha har ana zubar da ita a juji. Amma an yi zamanin da ba a ganin kayan gilashi sai a gidajen sarakuna da attajirai. Abin da ya kawo wannan sauyi kuwa shi ne bututu da numfashin ɗan Adam. Wannan lacca za ta dubi asalin sana'ar hura gilashi, da yadda ake yin ta, da kuma haɗarin da take ciki.

Da rairayi ake yin gilashi, a haɗa shi da kanwa ko tokar wasu tsire-tsire, da ɗan farar ƙasa. Amfanin kanwar shi ne rage zafin da rairayi yake bukata kafin ya narke. Tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, mutanen Masar da na ƙasar da ake kira Iraƙi a yau suke yin ƙananan kwalabe na turare da kwalli. Sukan mulmula yumɓu a kan sanda, su naɗe shi da narkakken gilashi, in ya huce su ƙwaƙule yumɓun. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ya yi tsada. Sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya masu sana'a a yankin Sham da Falasɗinu suka gano cewa narkakken gilashi yana kumbura idan an hura masa iska. Cikin ɗan lokaci dabarar ta game Daular Rum, har talaka ya sami kofin gilashi.

Yadda ake aikin bai sake sosai ba har yau. Mai sana'a yakan tsoma bakin bututun ƙarfe cikin tanderun da zafinsa ya haura digiri 1,000, ya ɗebo gilashi mai kauri kamar zuma. Sai ya mirgina shi a kan faifan ƙarfe, ya hura, yana juya bututun ba tsayawa, domin da ya tsaya gilashin zai zubo gefe guda. In ya fara sandarewa a mai da shi wuta. Daga nan a manna wata sanda a gindin abin, a cire shi daga bututu, a buɗe bakinsa da awartaki. Tabon da ake gani a gindin irin waɗannan kofuna, gurbin sandar nan ne. A ƙarshe a sa shi cikin wani tanderu ya huce sannu a hankali, in ba haka ba sai ya tsage. Launi kuwa daga ma'adinai yake: ƙarfe yana ba da kore, kobalt shuɗi, zinariya ja. Ba a samun kofuna biyu da suka zo daidai wa daida, kuma wannan bambanci shi ne ƙawarsu.

Musulmi sun kai sana'ar nan wani matsayi babba. A Alƙahira, zamanin Mamluk, an hura fitilun masallatai aka ƙawata su da zinariya da ayar haske ta cikin Suratun Nur, kamar waɗanda aka yi wa masallacin Sarki Hasan da aka fara ginawa a 1356. A Turai kuma, hukumar Banis ta mai da tanderun birnin zuwa tsibirin Murano a 1291 don gudun gobara, daga baya ta hana gwanaye barin ƙasar don kada asirin ya fita. Duk da haka Faransa ta zawarci wasunsu a 1665 don su yi mata madubai. Abin lura a nan shi ne, mutane aka ɗauko, domin a hannunsu ilmin yake.

A 1903 Michael Owens na Amurka ya fito da injin da yake hura kwalba da kansa. Yadda bututu ya kashe tsohuwar hanyar yumɓu, haka inji ya ƙwace wa bututu kasuwar kayan yau da kullum. Tanderu ba ya son a kashe shi, saboda haka tsadar gas ta 2021 da 2022 ta sa masana'antu da dama a Murano suka dakatar da aiki. Yaƙin Siriya kuma ya warwatsa masu sana'ar, har hukumar UNESCO ta sa hura gilashi irin na Siriya cikin jerin al'adun da suke bukatar ceton gaggawa a 2023.

Nijeriya ma ta ga irin wannan. Masaga na Bida ba hurawa suke yi ba, naɗa gilashi suke yi a kan sandar ƙarfe su fitar da ƙarau da duwatsun wuya. A da su suke haɗa ɗanyen gilashinsu daga rairayi da kanwa, amma da kwalaben Turai suka yawaita sai suka koma narka fasassu, haɗin asali ya ja baya ƙwarai.

To, littafi yana iya ajiye yawan rairayi da kanwa, amma sanin lokacin da gilashi ya isa hurawa sai a gaban tanderu, daga malami zuwa almajiri, cikin shekaru. Idan zuriya guda ta tsallake ba ta koya ba, fitilun Alƙahira za su ci gaba da zama a gidajen tarihi, ba mai iya yin irinsu. Saboda haka ya kamata jami'o'i, bayan tattara kayayyaki da rubuta tarihi, su buɗe wa gwanayen da suka rage ƙofa su koyar, a kuma biya su haƙƙinsu kamar sauran malamai.