Gilberto Gil: Mawaƙin Bahia da Ya Riƙe Ma'aikatar Al'adun Barazil

An haifi Gilberto Gil ranar 26 ga Yuni, 1942, a Salvador, babban birnin jihar Bahia da ke arewa maso gabashin Barazil. Salvador tashar jiragen ruwa ce da aka shafe ƙarnuka ana sauke bayi daga Afirka ta Yamma a cikinta, har da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a Bahia a 1807, suka kuma tayar da wani a 1814. Sai a 1888 Barazil ta haramta bauta. Har gobe jikokin waɗannan bayi su ne mafi rinjaye a birnin, kuma kiɗan gangunansu da addinin Candomblé, mai tushe a ƙasar Yarbawa da maƙwabtanta, suna nan da ransu.

Mahaifin Gil likita ne, mahaifiyarsa malamar makaranta, abin da ba a saba gani ba a gidan baƙar fata a wancan zamani. Ya yi ƙuruciyarsa a Ituaçu, wani ƙaramin gari a cikin karkara, inda ya taso da waƙoƙin Luiz Gonzaga, sarkin kiɗan akodiyon na mutanen arewa maso gabas. Akodiyon ɗin ya fara koya bayan ya koma Salvador karatu. Da ya ji João Gilberto a rediyo yana kaɗa jita a hankali da salon bossa nova, sai hankalinsa ya koma kan jita. Ya karanta harkar gudanar da kasuwanci a Jami'ar Tarayya ta Bahia, kuma a 1963 ya haɗu da Caetano Veloso, wanda ya zama amininsa na tsawon rai. A 1965 ya tafi São Paulo aikin ofis a kamfanin Gessy Lever. Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya rungumi waƙa.

A lokacin sojoji sun riga sun karɓe mulki tun 1964, kuma mawaƙa masu adawa da su suna ganin jita mai lantarki alama ce ta mamayar Amurka. A Yulin 1967 har zanga-zanga aka yi a São Paulo don ƙin jininta, Gil ma yana cikin waɗanda suka fita. Wata uku kacal bayan haka, a gasar waƙa ta gidan talabijin na Record, ya hau dandali tare da matasan ƙungiyar Os Mutantes da jitocinsu na lantarki, ya haɗa su da berimbau, bakan kiɗa mai tsirkiya ɗaya da baƙaƙen Bahia suka gada daga Afirka. Waƙar, "Domingo no Parque", labarin abokai biyu ce da kishi a kan budurwa ya kai su ga zubar da jini. Ta zo ta biyu a gasar. A nan aka fara ganin halin da ya bi Gil duk rayuwarsa: ba ya yarda a ce masa sai ya zaɓi ɗaya tsakanin na gida da na waje. Daga wannan tunani tafiyar Tropicália ta fito, wadda shi da Veloso da Gal Costa da Tom Zé da Os Mutantes suka fitar da faifanta a 1968.

Gwamnati ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ranar 13 ga Disamba, 1968, ta kafa dokar AI-5, wadda ta rufe majalisa ta kuma ƙara tsananta tace waƙoƙi da jaridu. Mako biyu bayan haka aka kama Gil da Veloso. An aske musu kai, sun yi kusan wata biyu a tsare ba tare da an kai su gaban kotu ba, sannan aka yi musu ɗaurin talala a Salvador. A 1969 aka tilasta musu barin ƙasar, suka yi gudun hijira a Landan, inda Gil ya saurari rege daga baƙin da suka zo daga Jamaika. Ya dawo gida a 1972, takunkumin kuwa yana nan. A 1973, yana tsakar rera "Cálice" tare da Chico Buarque a wani taron waƙa a São Paulo, aka kashe musu makirufo.

Tafiyar da ta fi sauya aikinsa ita ce ta Legas a farkon 1977, lokacin bikin FESTAC, wanda aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna. A Legas ya haɗu da Fela Kuti, ya ji kiɗan juju da afrobit a inda ake yin su, ya kuma ga unguwannin talakawa da suka tuna masa da na Barazil. Faifan Refavela, da ya fitar a wannan shekara, shi ne amsarsa. A ciki akwai waƙa a kan balafon, akwai wadda ta taɓo Shango, abin bautar Yarbawa, akwai kuma wadda ta ɗaga sunan Ilê Aiyê, ƙungiyar bikin kanibal ta baƙar fata da aka kafa a Salvador a 1974. Ƙimar faifan ta fi fitowa idan aka tuna cewa gwamnatin soja tana iƙirarin babu wariyar launin fata a Barazil, tana kuma kallon duk mai tayar da zancen a matsayin mai neman raba kan ƙasa. Gil ya yi zancen da muryar farin ciki, cikin kiɗan da ake rawa da shi, shi ya sa ya shiga gidajen da jawabin siyasa ba zai shiga ba. A 1979 ya mayar da "No Woman, No Cry" ta Bob Marley zuwa harshen Fotugal, ta karɓu ƙwarai, ta buɗe wa rege ƙofa a ƙasar.

Bayan mulkin soja ya ƙare a 1985, ya shiga siyasa. An zaɓe shi kansila a Salvador a 1988, daga baya ya shiga jam'iyyar masu kare muhalli. A 2003 Shugaba Lula da Silva ya naɗa shi ministan al'adu, ya riƙe muƙamin har 2008. Babban aikinsa shi ne shirin Pontos de Cultura: maimakon gina manyan zaurukan wasa a birane, gwamnati ta riƙa kai kuɗi da kyamarori da kwamfutoci ga ƙungiyoyin da tuni suke aiki a ƙauyuka da unguwannin marasa galihu. Ya kuma goyi bayan lasisin Creative Commons, wanda ke ba mawaƙi damar barin jama'a su yi amfani da aikinsa bisa sharuɗɗan da ya gindaya, matakin da masu karɓar kuɗin haƙƙin mallaka ba su yi maraba da shi ba. Yana minista bai daina waƙa ba. A Satumban 2003 ya yi wasa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya don tunawa da Sérgio Vieira de Mello da sauran ma'aikatan majalisar da bam ya hallaka a Bagadaza, Babban Sakataren majalisar Kofi Annan kuma ya taya shi da ganga.

Ya samu kyautar Polar ta ƙasar Siwidin a 2005, bayan Grammy da faifan Quanta Live ya kawo masa. A Nuwamban 2021 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Adabi ta Barazil mai kujeru 40, ya zauna a kujera ta 20. A 2025, yana da shekara fiye da 80, ya yi rangadin Tempo Rei, wanda ya sanar cewa shi ne babban rangadinsa na ƙarshe.